Hoton Kawu a Shafin Ruwa

Kawu ya rasu da tsakiyar damina, kogi yana ta cika a bayan unguwar Nasarawa. Ya dawo daga coci ranar Lahadi, ya ce kansa yana sarawa, ya miƙe a kan doguwar kujera da takalmansa a ƙafa. Kafin a samo keke napep a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Matan zumunta na coci ne suka fara cika gidan, suka kewaye Mama, matarsa, suna waƙa a hankali. Sai tsofaffin abokan aikinsa na masaƙa, suka jeru a kan benci, kowa ya zuba tagumi. Sai masu haƙar yashi, ƙafafunsu da laka har gwiwa. Shugabansu, Malam mai kwale-kwale, ya cire takalmi a bakin ƙofa ya yi mana gaisuwa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Da ya juya zai tafi sai ya tsaya, ya dube ni da jajayen idanu.

"'Yata, to gobe da safe wa zan buga wa?"

Wata mata daga gangaren unguwa ta fi shi rashin kara. Ko gama gaisuwa ba ta yi ba ta ce, "Abin nan na waya fa, zai ci gaba?" Mutane suka harare ta. Ni ban ga laifinta ba. Gidanta yana bakin ruwa, kuma da Kawu yana nan ita zai fara ba amsa kafin kowa.

Abin nan na waya shi ne shafin ruwa. Shekarun baya kogi ya shigo wa Kawu gida da rana tsaka, sama fes babu ko gajimare, domin can gabas aka tafka ruwan, shi kuma ya gangaro mana. Ya tsira da iyalinsa da kayan jikinsa. Bayan ya koma tudu sai ya kafa turken ƙarfe a bakin kogi, ya shafa masa fenti: kore a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a sama. Safe da yamma Malam ya duba turken ya bugo masa, shi kuma ya rubuta a shafin intanet da ya haɗa da hannunsa. Mutanen gangaren Nasarawa da Trikania da kwarin Barnawa su buɗe a waya su gani. In kore ne a ci gaba da harka. In ja ne a kwashe yara a hau tudu. Ya ƙi yarda da rukunonin hira na waya, ya ce can ana yawo da hoton ambaliyar bara a ce ta yau ce.

Gawa tana asibiti ana shirin jana'iza, Yaya, babban ɗansa, ya iso daga Abuja. Aka yi taron dangi, aka zaɓi atamfar anko, aka buga fosta. Sannan Yaya ya ce akwai wani abu kuma. Abokinsa zai gyara shafin Baba: babban hotonsa a sama, da hularsa ta zuwa coci, da wasu hotunan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, da waƙar da ya fi so tana tashi da zarar an buɗe. Kowa ya ce madalla. Mama ta share hawaye ta ce ko ba komai duniya ta ga fuskarsa.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, shi ya koya mini aikin kwamfuta, da shi nake ci yau. Na san abin da babban hoto yake yi wa ƙaramar waya a gangaren Nasarawa. Kuma na san kogi yana kan rawaya.

Sai na faɗi wane ne Kawu kafin a gane abin da ya tsorata ni.

A masaƙa aikinsa auna lokaci ne. Yana yawo tsakanin injuna da agogo a wuya, yana duba wanne ne yake jan ƙafa. Da aka rufe masaƙar, abokansa wasu suka kama achaba, wasu suka koma ƙauye. Shi ya zauna a shagon kwamfuta na wani a Barnawa yana buga wa mutane takardu, ya koyi sauran da kansa, da tabarau a kan karan hanci, yana danna madanni da yatsu biyu kamar kaza tana tsattsagar gero. Agogon ya bar wuyansa amma bai bar kansa ba. Mama ta ɗora shinkafa, sai ya leƙo ya ce jiya war haka an sauke. Fasto ya ja wa'azi, bayan an tashi sai ya je ya faɗa masa cikin ladabi a inda ya kamata ya tsaya. Mutum ne mai wuyar zama, ba zan ɓoye ba don ya mutu.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Duk sa'ad da na kammala wani aiki na kawo masa da murna na ce, "Kawu, ya buɗe," tambayarsa ɗaya ce.

"A wayar wa, Uwata?"

In na ce a tawa, sai ya ce tawa ba shaida ba ce. Ya ce in je in gwada a wayar mai kunu, wadda fuskarta ta tsage, datarta ta kusa ƙarewa, tana tsaye a lungun da netwok sai an ɗaga hannu sama.

Da farko da ƙafa yake bin wannan shaidar. Ya ɗauki lema ya gangara, gida gida, ya karɓi wayar mutum ya buɗe shafin yana ƙirgawa a baki. Yara suka sa masa suna Baba Ya-buɗe. A irin wannan yawon ne ya tarar da wata tsohuwa mai kunu da ba ta iya karatu ba, kullum sai ta jira jikarta ta dawo makaranta ta karanta mata. Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Washegari ya sauya shafin gaba ɗaya, ya sa duk fuskar wayar ta riƙa rinewa da launin turken, yadda ko daga nesa aka hango an gane. Ya koma ya nuna mata. Ta cika masa kofi da kunu, shi da likita ya hana shi zaƙi, ya shanye tas don kada ta ji kunya.

Amma ƙafa ba ta iya bin kowace waya, ga hawan jini. Sai ya gano cewa shaidar da yake nema tana cikin wayar tun da farko. Burauza, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, tana da wata ɗabi'a da yawancin mutane ba su sani ba. Duk abin da shafi ya nema, hoto ne ko rubutu ko waƙa, tana riƙe da labarinsa: yaushe ta nema, yaushe amsa ta fara zuwa, yaushe ya gama sauka, mene ne nauyinsa. Sai dai a ka take riƙewa. Ana rufe shafin ta manta. In kana so labarin ya iso gare ka, dole a juya shi ya zama rubutu tsararre, irin wanda masu aikinmu suke kira JSON, a aiko kafin mutum ya rufe. Kawu ƙunshi yake ce masa. Ya ce kamar ƙosai ne, ba a aika shi a tafin hannu.

A kan ƙunshin nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Kawu bai yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba, don haka ya rubuta nasa tsarin da zai kwafe bayanan ɗaya ɗaya ya zuba a sabon mazubi. Ƙunshi ya fara isowa daga wayoyin mutane, amma ko wanne ka buɗe, baka biyu ne na rubutu suna kallon juna, babu komai a tsakaninsu. Ya ce kamfanin waya ne yake cinye cikin a hanya. Ya yi ta zaginsu har Mama ta ce ya fita waje ya ƙarasa. Ya sake ɗaukar lemarsa ya koma yawo.

Na duba na ga inda matsalar take. Bayanan ba a saman mazubin suke zaune ba, shi ya sa in ka kwafa ta hanyarsa sai ka tashi da fanko. Ita burauzar tana da nata umarnin, toJSON, wanda in ka kira shi, kowane bayani zai rubuta kansa da kansa, cikakke. Layi ɗaya ne. Na faɗa masa a gaban Mama, kuma na faɗa da dariya.

Ya cire tabarau ya ajiye. "Uwata, ke da na koya wa inda ake kunna kwamfuta?"

"Ni ɗin dai, Kawu. Kamfanin waya bai ci maka komai ba. Fanko kake aikawa, fanko yake isowa."

Ya ce in tashi in bar masa ɗakinsa. Ni ma da zuciya, jinin ɗaya ne, na tashi na bar masa. Muka yi kwanaki ko a coci sai dai mu gaisa da ka. Ran nan na dawo aiki na tarar da masara gasasshiya a ƙunshe cikin takarda a bakin ƙofata, har ta huce. Na buɗe shafin na duba cikinsa, na ga layin nan ya shiga. Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Bayan haka ne ya ba ni mabuɗin shiga shafin, ya ce in riƙe ko da wata rana.

Abu ɗaya ya kafe a kai, kuma a nan shi ya fi ni gaskiya. Kafin ƙunshi ya bar waya, sai an share duk abin da zai nuna ta wane ne. Na ce da mun bar alama da mun san wa za mu taimaka. Ya ce mutane sun buɗe ne don su ga ruwa, ba don a leƙa musu aljihu ba. Don haka ƙunshin yana faɗa mana yadda shafi ya sha wuya a hanya, amma ba ya faɗin sunan kowa.

Da wannan shaidar ya yi ta rage wa shafin kaya. Ya cire tambarin ƙungiyar unguwa, shugaban ƙungiya ya yi fushi. Ya cire adon rubutu. Ya cire ayar da shi da kansa ya sa a sama, ya ce Ubangiji ya san inda take. Har sunansa ya cire. Abin da ya rage launi ne, da layi biyu, da lokacin da Malam ya duba.

Wannan shafin ne abokin Yaya ya ɗora wa hotuna da waƙa. Ya kuma tsara shi yadda sai babban hoton ya gama sauka sannan launin ruwa zai fito.

Na sami Yaya a tsakar gida yana lissafin kujeru. Na ce masa shafin ya yi nauyi. Ya zaro wayarsa mai tsada, ya danna, fuskar Kawu ta fito nan take, waƙa ta tashi.

"Ga shi nan. Wane nauyi kuma? Abeg, sista, kada ki kawo mana wahala a wannan satin."

Na nuna masa ƙunshin da yake isowa tun da aka sauya. Waɗanda suka daure suka jira, hoton ya cinye musu mintoci kafin ruwa ya fito. Sauran, kuma su ne suka fi yawa, ƙunshinsu guntu ne, babu layin ruwa a ciki sam, domin burauza ba ta rubuta abin da bai gama sauka ba. Sun gaji sun rufe ke nan, ko data ta ƙare.

Na ce, "Yaya, a bar ruwa a sama. A rage hoton, a sa shi a ƙasa. Ko a yi masa shafinsa daban."

"A ƙasa?" in ji shi. "Baba ya ƙare rayuwarsa a kan abin nan, ko sunansa babu a ciki. Mutane suna buɗewa kullum, ba su san wa ya yi ba. Yanzu ya mutu, ki ce a mayar da shi ɗan mitsitsi a ƙasan ruwa?"

Yaya ba mugu ba ne. Shekaru ya yi yana roƙon uban ya bar bakin kogi ya koma wurinsa ya huta, uban yana ƙi, har suka daina doguwar magana. Wannan hoton shi ne abin da ya rage masa ya yi wa mahaifinsa.

Mama ta ji mu daga ɗaki ta fito. Ta rame a 'yan kwanakin nan har zani ya yi mata yawa.

"Ke da ya fi so a cikin yaran nan," ta ce, "ke ce za ki ce a cire shi? Ki bari a binne shi tukuna mana."

Wa zai yi gardama da mace a cikin takaba? Na koma gida ina roƙon Allah ya riƙe kogi a rawaya har a gama. Kowace safiya Malam ya bugo mini, in rubuta, in zauna ina kallon guntayen ƙunshi suna shigowa. Abinci ya daina shiga mini.

Ranar da za a yi zaman waƙoƙi, jajibirin tafiya da Kawu ƙauye, gari ya waye da rana ƙal. An kafa rumfuna har bakin titi, an jera kujeru, mutanen gangare sun hauro da ankonsu. Mawaƙa sun fara, Fasto yana duba takardunsa. Wayata ta yi ƙara a cikin jaka.

"'Yata," in ji Malam, yana haki, "ya wuce rawaya. Yana lasar ja, kuma da gudu yake zuwa, da itatuwa a kansa. Mun fitar da kwale-kwale."

Na shiga ɗakin Kawu na rufe ƙofa. Tabaransa yana nan a kan tebur inda ya ajiye. Na rubuta ja. Na jira. Labari ya fara yawo a baki cewa kogi ya motsa, mutane suka yi ta buɗe shafin don su tabbatar, ƙunshi ya yi ta zubowa. Guntu. Guntu. Guntu. Kowane ɗaya mutum ne a tsaye a wani lungu, yana kallon waya tana juyi, ga sama fes, yana cewa ƙila jita-jita ce.

Babu lokacin gyara ko rage wani abu. Tsohon shafin Kawu yana nan a ajiye yadda ya bar shi. Ta taga ina jin suna rera waƙar da ya fi so, ita ce kuma take kan shafin. Na cire hotunan da waƙar duka, na mayar da nasa.

Ƙunshin da ya biyo baya cikakke ne, mara nauyi, da layin ruwa a ciki. Na kifa kai a kan teburinsa na yi kukan da ban yi ba tun ranar Lahadin nan.

Da na fito, rumfa ta fara motsi. Waya ɗaya ta yi ja, ta kusa da ita ta yi ja. Matar nan da aka harara ta miƙe ta tattare zani ta zura da gudu ba sallama. Kujeru suka yi ta faɗuwa. Kafin Fasto ya buɗe baki rabin taron ya watse, mawaƙa ma wasu sun ajiye kayan kiɗa sun bi gangare. Yaya ya duba wayarsa, ya ɗago ya dube ni daga can ƙarshen rumfa. Ya tako har gabana.

"Kin kyauta," ya ce a hankali. "Kin watsa jana'izar ubana."

Bai sake yi mini magana ba, har a ƙauye, har ya koma Abuja. Yanzu in na buga yana ɗauka, amma gaisuwa ce kawai.

Kafin magariba ruwa ya shiga gidajen gangare. Ya ci katifu da buhunan masara da kaji. Ban ji an rasa rai ba. Ba zan ce shafin ne kaɗai ya yi ba, domin Malam da masu yashi sun bi lungu lungu suna ihu har muryarsu ta dushe. Waɗanda suka gudu daga rumfar su ne suka dawo cikinta da yara da ƙullin kaya, suka zauna a kujerun makoki, aka raba musu abincin da aka dafa don baƙi.

Kawu, yayan uwata, malamina, abokin faɗana. Ka huta a wurin Ubangijin da ka bauta wa, inda babu abin da yake makara. Na rubuta wannan ne domin na cire fuskarka daga wurin da mutane za su gan ta, kuma ba na so a ce ba a san wa ya yi ba.

Mama ce na fi tsoro. Na yi ta kewaye-kewaye ina raba abinci don kada mu haɗa ido, har ta aiko a kira ni. Na same ta ita kaɗai a bakin gado, da tsohuwar wayarta a cinya, fuskar wayar ja wur. Na durƙusa.

"Ke kika cire shi?"

"Ni ce, Mama."

Na sunkuyar da kai ina jiran duk abin da za ta faɗa, na riga na shirya ɗauka. Ta shafa wayar da babban yatsa.

"Tun da aka sa shi, kullum sai na buɗe," ta ce. "Hularsa ce take fitowa, da ɗan goshinsa, sai ya tsaya. In zauna in yi ta jira ya sauko. Ko sau ɗaya ban ga idonsa ba."